Kafin a fasa taga a masana'anta, a gwada iskar a kwamfuta

Masu injin matsar man gyaɗa da masu manyan sito a nan Maradi, in zafi ya dami ma'aikata, abin da suka sani shi ne a ƙaro fanka. Sau da yawa kuɗin ne kawai ke tafiya. Ni sai na zana ginin a kwamfuta, na ga inda iska ke bi, kafin magini ya taɓa bulo. Cikin manhajojin da ke wannan aiki, OpenFOAM kyauta ce, Ansys Fluent na da tsada, SimScale kuwa ta intanet take aiki, sai ka yi haƙuri da layin intanet ɗin.

Fara da awo. Zaure mai tsawon mita 30, faɗin 15, tsayin 6, yana ɗauke da iska mita kubik 2,700. In kana son ta sabunta sau 10 a awa, fankokinka su iya jan mita kubik 27,000 a awa ke nan. Zana ƙofofi da tagogi yadda suke, har da tulin buhuna, don su ma suna tare hanya. Sannan ka nuna wa manhajar inda zafi ke fitowa: tukunyar suya, injin, da kwanon rufi, wanda da tsakar ranar Afrilu yakan wuce digiri 60. Manhajar za ta yanka sararin zauren zuwa ƙananan akwatuna. Ka ƙanƙanta su kusa da taga da tukunya.

Gwaji ɗaya bai isa ba a garin nan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Ka gwada kowace, ka ƙara da ranar bazara da ko ganye ba ya motsi.

In sakamako ya fito, kar launuka su ruɗe ka. Yanka hoton a tsayin mita ɗaya da rabi, daidai fuskar mai aiki a tsaye, ka duba ko iska na gudun rabin mita zuwa mita ɗaya a daƙiƙa. A nan ake kama babbar matsala: taga dab da fanka mai fitar da iska. Iskar ta shigo ta fice nan take, mai suya a lungu bai ji komai ba. Maganinta, mashiga ta sauko ƙasa a bangon da ke nesa, mafita ta hau ƙololuwar rufi, tunda iska mai zafi sama take yi. Ka sake gwadawa.

Nakan faɗa wa mai gini tun farko, "Alhaji, in waje na digiri 43, fanka ba za ta mai da ciki 30 ba." Zafin da rufi ke saukarwa kuwa, rage shi sai an sa silin ko abin tare zafi a ƙarƙashin kwano.

Bayan an gama aiki, kunna turaren wuta a bakin mashiga ka bi hayaƙin da ido, ka auna zafi a wuraren da mutane ke tsayawa. In bai dace da hoton ba, koma ka duba ƙarfin fanka da zafin rufin da ka shigar.