Yadda za ka tafiyar da firaktikal ɗin fiziks kowane ɗalibi ya taɓa kayan aiki

Ƙanena da aka ba ka kula da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaji, abin da za ka fara dubawa idan ka shiga shi ne hannuwa. Wa ke riƙe da agogo, wa ke saita zaren fendulom (ɗan nauyi da aka rataye da zare yana lilo), wa aka miƙa wa biro da takarda. Na daɗe ina wannan aiki a nan Kaduna, kuma rabon kusan kullum iri ɗaya ne. Samari biyu da suka fito daga makarantun kuɗi sun mamaye benci, yarinya tana rubuta lambobi wai rubutunta ya fi kyau, wani yaro daga ƙauyen Giwa ko Zangon Kataf yana tsaye a baya ya harɗe hannu. Babu wanda ya kore su, amma zango zai ƙare ba su taɓa haɗa waya da batir ba. Irin waɗannan ne ke neman canjin kwas a aji biyu, mu kuma mu ce ba su da ƙwaƙwalwar fiziks.

Kada ka bar su su zaɓi abokan rukuni da kansu. Ka san garinmu. Tun rikicin 2000 mutane suka rabu, wasu arewacin kogi, wasu kudu. Yaron da ya tashi a Rigasa da wanda ya tashi a Sabon Tasha suna iya kai shekara goma sha takwas ba su taɓa zama benci ɗaya ba, kuma idan ka ce kowa ya nemi rukuni, taswirar gari za su zana maka a cikin lab. Kai za ka raba, mutum uku ko huɗu idan kaya sun isa. Abu ɗaya nake kiyayewa: ba na jefa mace ita kaɗai cikin maza. In mata shida ne a aji, gara a sa su bibbiyu a rukuni uku da a watsa su ɗai-ɗai a rukuni shida. Mace ita kaɗai a tsakiyar maza, in ta ga an karanta sikeli ba daidai ba, sau da yawa shiru za ta yi. In su biyu ne, ɗaya za ta taɓa ɗaya, magana ta fito.

Sai rabon aiki, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Ɗauki gwajin fendulom. Ana auna tsawon zare, a ƙirga lilo ashirin, a raba lokacin, a canza tsawo a sake, har sau biyar ko shida, a zana giraf a fitar da g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa sauri, kusa da 9.8. Kowane sabon tsawo, aiki ya zagaya: mai agogo ya koma kan ruwla, mai ruwla ya karɓi biro, mai biro ya karɓi agogo. Ka sa su ƙara layi ɗaya a teburin sakamako, a rubuta sunan wanda ya ɗauki kowane awo. Wannan ɗan layin yana yin abin da faɗa ba ya yi, domin kana duba takarda za ka san ko an zagaya.

Za su yi gardama. Wani zai ce, "Malam, in muka ba ta za ta ɓata mana rizal." Ka ba shi amsa da fiziks ɗin kansa. Yatsan ɗan Adam yana makara wajen danna agogo da kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, nasa da nata duka, shi ya sa ake ƙirga lilo ashirin maimakon ɗaya. Zare mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu ya je ya dawo, ashirin kuwa daƙiƙa arba'in, kuskuren yatsa ya zama ƙanƙane a ciki. Ka sa mutum uku su auna abu ɗaya su kwatanta. Darasin kuskuren awo da muke wahalar koyarwa a allo ga shi ya zo da ƙafarsa.

Yaron da ke harɗe hannu a baya, mafi yawa tsoro ne ke damunsa. Akwai makarantun da ba a fito da kayan gwaji sai ranar jarrabawar WAEC ko NECO, shi kuwa yana jin labarin cewa in ka fasa firizim, gilashin nan mai kusurwa uku, kai za ka biya. Don haka makon farko kada ka ba da maki ko ɗaya. Ka baje ma'aunin baniya da maikuromita, masu auna kaurin ƙananan abubuwa, da amita mai auna wutar lantarki, kowa ya ɗauka ya juya, ya auna kaurin tsabar kuɗi ko na gashin kansa. Ka faɗa da bakinka a gaban kowa cewa wanda bai taɓa ganin waɗannan kaya ba, ba laifinsa ba ne, kuma a mako uku zai kamo. Masu babbar waya ka nuna musu PhET, kwaikwayon gwaje-gwaje na kyauta da Carl Wieman ya fara a Jami'ar Colorado a 2002. Ana iya saukewa sau ɗaya a tura wa juna, ba sai da data ba.

Maganar harshe tana son taka-tsantsan. Ni ina yin bayani da Hausa a gefen benci idan na ga Turanci ya tsaya wa yaro a wuya, kuma ba na jin kunyar haka. Amma a benci ɗaya akwai ɗan Bajju ko Bayarabiya daga Kakuri da Hausarsu ta kasuwa ce. Duk abin da ka faɗa da Hausa, ka maimaita shi da Turanci nan take, kada taimakon wani ya zama ware wani.

Idan ka yi tambaya, ka yi shiru ka jira. Malamai mun saba ba da daƙiƙa ɗaya tak, sai mai saurin baki ya amsa, kullum kuwa shi ɗin ne. Ka ƙirga biyar a zuci. Ko ka ce kowa ya rubuta amsarsa, ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, sannan a sake amsawa, irin salon da Eric Mazur ya yaɗa daga Harvard. Wani babban nazari na 2014 da ya tattara bincike 225 a kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi ya gano cewa masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari a ajin da malami kaɗai ke magana, suka sauko kusan kashi 22 inda ɗalibai ke aiki da tattaunawa.

Ɗalibi mai keken guragu ko sanda, kada ka yanke masa hukunci, ka tambaye shi a keɓe: me zai sauƙaƙa maka? Bencin lab dogo ne, an yi shi don mai tsayuwa. Tebur na ofis a ɗauko, a ɗora kayan a kai, rukuninsa duka su zauna tare da shi. In lab yana bene, a sauko da gwajin ƙasa. Wannan haƙƙinsa ne, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya wuce. Mai raunin gani yana iya ƙirga lilo da taɓawa ko da ƙara, mai raunin ji a rubuta masa umarni a kuma fuskance shi in ana magana.

Ka duba lokaci ma. Firaktikal da ya kai magariba yana nufin yarinyar da za ta koma Mando ko Maraban Rido a a-daidaita-sahu za ta tafi kafin a zana giraf, ko mahaifinta ya hana ta zuwa gaba ɗaya. Matar aure mai goyo haka. Idan an ɗage saboda rashin wuta, kada ka mayar da shi lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. Irin waɗannan mata nakan ba su labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga jami'a tana da aure da 'ya'ya, ta kuma karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a 2015 kan binciken sararin samaniya. Sunan Marie Curie suna jinsa kamar tatsuniya, wannan kuwa Kano ce, tafiyar 'yan awoyi.

Wajen maki, rahoton rukuni kaɗai yana ɓoye komai. Ka ware wani kaso, ko da ɗan kaɗan ne, ga gwajin hannu: kowane ɗalibi ya zo shi kaɗai na minti biyu, ya karanta baniya ko ya haɗa da'ira mai sauƙi. Ka sanar da su tun ranar farko, sai ka ga masu mamaye benci da kansu suna koya wa na baya. Idan kuma sashe ya shirya kai ɗalibai Zariya su ga injin nukiliya na bincike da ke cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fara aiki a 2004, kujerun mota ba sa isa. Kada ka bar wa shugaban aji ya rubuto sunaye. Ka ɗauki mutum ɗaya daga kowane rukuni ta hanyar ƙuri'a, a gaban kowa, kuma ka rubuta wa iyayen 'yan matan takarda mai hatimin sashe da lokacin tashi da na dawowa.