Yadda Za Ka Gane OTC a Kwalin Magani da Kuma a Kasuwar Hannun Jari

Ɗalibin harhaɗa magunguna da ɗalibin akanta a jami'ar ABU Zariya duk suna rubuta OTC a littattafansu, amma kowa da abin da yake nufi. Haruffan taƙaitawar "over the counter" ce, wato a kan kanta: ka miƙa kuɗi, a miƙo maka kaya. Ita kanta kalmar kanta daga can muka aro ta. A ma'anonin biyu akwai wanda aka tsallake. A harkar magani likita ne, a hannun jari kuma babbar kasuwa ce. Binciken da suka saba yi, kai zai hau wa.

Mu fara da magani, don shi ne kowa ke saye. OTC shi ne wanda doka ta yarda a sayar ba tare da takardar likita ba, irin su paracetamol, ibuprofen da ruwan gishiri da sukari na ORS. Kishiyarsa POM, "prescription only medicine", wato wanda sai da takardar likita. Amurkawa kan rubuta "Rx only". Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka duk abin da mai kemis ya miƙo ba tambaya OTC ne. Ba haka ba ne. Amoxicillin da tramadol na takarda ne ko da an sayar maka a leda, kuma tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai codeine. Irin wannan ciniki Turawa na ce masa "under the counter", ta ƙarƙashin kanta, wato ta bayan fage. Kalma ɗaya ce ta raba su.

In kwali ya shigo hannunka, kafin ka bar gaban kanta, nemi lambar rajistar NAFDAC, sannan EXP, ranar da maganin zai lalace. Kada ka rikita ta da MFG, ranar da aka yi shi. In akwai wurin kankarewa, kankare ka tura lambar ta tes zuwa inda aka rubuta a jiki, za a amsa maka ko na gaske ne.

Sai layin da ya fi kowanne muhimmanci: "active ingredient", ko "each tablet contains", wato sinadarin da ke aikin. Sunan kamfani riga ce kawai. Yawancin magungunan mura da ake sha da hunturu suna ɗauke da paracetamol a ciki, sai mutum ya sha biyu na mura, ya ƙara biyu na ciwon kai, ya ninka ba da saninsa ba. Iyakar babba giram 4 ne a awa 24, ƙwaya 8 ke nan ta 500mg, da tazarar awa 4 zuwa 6 tsakanin sha. Wuce haka hanta yake taɓawa, kuma mugun abin shi ne ba lallai a ji komai a ranar farko ba. In ka ga "acetaminophen" a kwalin da aka kawo tsaraba daga Amurka, paracetamol ne dai ya sauya suna.

"Contraindications" na nufin waɗanda bai kamata su sha ba sam, ya bambanta da "side effects", abin da kan iya biyo bayan sha. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci ibuprofen, mai lafiya ma ya sha bayan ya ci abinci. Aspirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai likita ya ce. ORS kuma a duba ko na lita 1 ne ko na rabin lita, don in ruwa ya yi kaɗan gishirin zai fi ƙarfin yaro.

A ɓangaren kuɗi, OTC hannun jari ne ko takardun bashi da ake cinikinsu ba a babbar kasuwa irin NGX ta Legas ba. Kamfanin da ke NGX "listed" ne, wanda ba ya ciki "unlisted". Wannan ba ya nufin na bogi ne: masu madarar Peak, FrieslandCampina WAMCO, a NASD ake cinikin hannun jarinsu, dandalin OTC da ya fara aiki a 2013 ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Kamfanin mai na Aradel ma can yake kafin ya koma NGX a 2024. In ka ci karo da "pink sheets" a rubutun Amurkawa, sunan ya samo asali ne daga takarda ruwan hoda da ake buga farashi a kanta a da.

Kalma huɗu sun ishe ka. "Bid" tayin mai saye ne, "offer" ko "ask" sallamar mai sayarwa, "spread" kuma tazarar da ke tsakani, kamar dai cinikin rago a Tudun Wada. A ce tayi naira 40, sallama 46: ka saya yau ka sayar gobe, ka yi asarar naira 6 a kowane hannun jari ko da farashi bai motsa ba. Ta huɗu "liquidity", saurin samun mai saye. Nan OTC ke da rauni, don kana iya yin makonni kayanka na jibge, ga kuɗin makaranta ya matso.

Kafin ka tura ko sisi, duba sunan dillalin a jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista a shafinta, ka tambaye shi ko yana da izinin ciniki a NASD, sannan ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarinka, da sunanka. Bayan ciniki ka karɓi "contract note", takardar da ke nuna adadin hannun jarin, farashi, la'ada da ranar cinikin.