Yadda Ake Koyar da Ƙirga ga Yaran Nazare Bisa Nazarin Masana Tunanin Yara

A azuzuwan nazare da yawa za a tarar da yaro ɗan shekara 4 yana rera ƙirga daga ɗaya har hamsin babu gargada, amma da an ce ya miƙo murafan kwalba shida sai ya dumbuzo iya abin da hannunsa ya kama. Haddace sunayen lambobi daban yake da fahimtar adadi, kuma fahimtar ce aikin malama.

Matakin farko shi ne a gano inda tunanin yaron ya tsaya. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya kasa bunƙasar tunanin yara gida huɗu, kuma yaran nazare suna gida na biyu, wato daga shekara 2 zuwa kusan 7, lokacin da yaro yake yanke hukunci bisa abin da idonsa ya nuna masa. Ga gwajin da yake nuna haka: a jera murafai 5 a layi ɗaya, a jera wasu 5 a ƙasansu, kowanne daura da ɗan'uwansa, har yaron ya yarda cewa yawansu ɗaya ne. Sannan a wara layin ƙasa ya yi tsawo, a tambaye shi ko akwai layin da ya fi yawa. Yawancin yara masu wannan shekaru za su nuna dogon layin.

Sai dai a kula da yadda ake yin tambayar. A 1974, masana tunanin yara James McGarrigle da Margaret Donaldson sun sake wannan gwaji a birnin Edinbara na Sikotilan, amma suka sa 'yar tsana ta hargitsa layin kamar da ɓarna, sai yaran da suka ba da amsa daidai suka ƙaru sosai. Yaro idan ya ga babba ya taɓa kaya da gangan kuma ya maimaita tambaya, yakan ɗauka ana son ya sauya amsa ne. Saboda haka a yi gwajin cikin wasa, da harshen da yaron yake ji a gida.

Mataki na gaba shi ne tsara darasin yadda Jerome Bruner na Amurka ya bayyana: a fara da abin da hannu zai taɓa, a koma ga hoto, alama ta zo daga ƙarshe. Yaro ya taɓa kowace tsakuwa sau ɗaya yana faɗin lambarta, ya ture ta gefe, sannan a tambaye shi nawa ne duka, domin ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan tarin. Bayan hannunsa ya faɗa, a zana da'irori a allo ya ƙirga su, kana a rubuta masa 5. A nan ne makarantu da yawa suke fara abin daga wutsiya, suna cika littattafan yara da rubutun lambobi saboda shi ne abin da iyaye suke iya gani idan an tashi.

Mataki na ƙarshe ya shafi taimako, kuma tushensa aikin Lev Vygotsky ne, masanin Tarayyar Sobiyet da ya rasu a 1934. Shi ya ja hankali ga tazarar da ke tsakanin abin da yaro yake iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan wanda ya fi shi sani ya tallafa masa. Idan yaro yana ƙirga abu 4 da kansa, yana kuma kaiwa 7 da taimako, to darasinsa yana tsakanin 5 da 7, ba a 20 ba. Taimakon kuma janye shi ake yi sannu a hankali, kamar katakan da magina suke kafawa su cire idan gini ya tsaya: da farko malama ta kama hannunsa suna taɓawa tare, daga baya ta riƙa nuni kawai, sannan ta tsaya ga tambaya, a ƙarshe ta yi shiru. Haɗa shi da yaron da ya ɗan fi shi yana da amfani a aji mai cunkoso. Kada kuma a tsawata wa yaron da yake magana da kansa yayin aiki, domin a ganin Vygotsky da wannan maganar yake jagorantar tunaninsa.

Bayan wasu makonni a sake gwajin layukan da wasu kaya daban, kamar wake ko ƙwallon dabino, ba tare da an faɗa masa amsa ba. Wanda har yanzu yake zaɓar dogon layi sai a sa shi ya ƙirga layukan biyu da kansa, a bar shi ya kwatanta. Yawancin yara sai wajen shekara 6 ko 7 wannan fahimta take zama musu daram.