Kurakuran da masu talabijin mai intanet ke maimaitawa wajen gudun talla

Ƙorafin kullum iri ɗaya ne. Mutum ya sayi sabon talabijin mai intanet, kafin mako biyu talla ya cinye rabin shafin farko, ga manhajojin da bai taɓa saukewa ba sun jeru, sai ya zo neman magani. Abin haushin, yawancin ɓarnar a minti biyar na farko ake yin ta, ranar da aka fito da akwatin daga kwali.

Babban kuskure shi ne danna maɓallin amincewa da duka sharuɗɗa saboda ɗokin ganin hoto. A cikin sharuɗɗan akwai wanda ke ba talabijin izinin gane abin da ke kan allo, fasahar da ake kira ACR. Talabijin yana ɗaukar ɗan samfurin hoto ko sauti a kai a kai, ya mayar da shi gajeriyar lamba tamkar zanen yatsa, ya aika wa kamfani. Can sai a gwada ta da rumbun shirye-shirye, a san me kake kallo, da ƙarfe nawa, har tsawon wane lokaci. Kada ka ɗauka manhajojin cikinsa kaɗai abin ya shafa. Dikoda, na'urar wasa, kwamfutar da ka jona ta HDMI, duk ta allo ɗaya suke wucewa, kuma allon ake karantawa.

Wannan ba zargi ba ne. A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 don sasantawa da hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, da jihar New Jersey, kan tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. A 2024 kuma Walmart ya sayi Vizio ɗin kan dala biliyan 2.3, don bunƙasa kasuwancinsa na talla. Wanda ya ga haka ya san inda ribar take.

Yawancin kamfanoni ba sa rubuta maka sunan abin ɓaro-ɓaro. Samsung ya ce "Viewing Information Services", LG ya ce "Live Plus", Vizio "Viewing Data", Roku kuma "Use info from TV inputs". Wasu samfuran Sony suna zuwa da Samba Interactive TV. Shiga saitin sirri ko shafin sharuɗɗa ka kashe shi, sannan ka nemi maɓallin tallan da ake daidaitawa da sha'awarka, domin shi daban ne, kashe ɗaya ba ya kashe ɗayan. Kuma kada ka yi tsammanin shi ke nan talla ya tafi. Leƙen ne ya ragu. Hoton tallan shafin farko yana nan daram, sai dai ya daina saninka.

Ni dai a wurina, talabijin allo ne kawai, ba ya shiga intanet ko kaɗan. Idan ka riga ka ba shi kalmar sirrin Wi-Fi, mayar da shi saitin masana'anta, da ya zo wurin neman intanet ka tsallake. Masu Google TV suna da zaɓin "basic TV" tun a shafin farko na saiti, wanda ke barin eriya da HDMI kawai. Sabunta manhajar fa? Samsung, LG da Sony duk suna ajiye fayil ɗin a shafukansu: sauke na ainihin lambar samfurinka, zuba a filashin da aka tsara da FAT32, jona ta USB. In kuma dole sai intanet, sa igiya daga rauta, ka gama ka zare. Igiya ba ta barin kalmar sirri a cikin akwati. Bayan kowace sabuntawa ka koma ka duba maɓallan da ka kashe, don sabuwar manhaja kan zo da sababbin sharuɗɗa da sababbin wuraren talla.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni takaici, saboda masu yin sa suna ganin wayo suka yi. Mutum ya cire talabijin daga intanet, madalla, sai ya je ya sayo ɗan akwatin Android mara suna, mai alkawarin dubban tashoshi kyauta. Haba malam! An gudu ba a tsira ba ke nan. Talabijin ɗinka ko ba komai akwai kamfanin da za a iya kai wa ƙara. Wannan akwatin wa za ka kama? A 2023 masu binciken tsaro suka bankaɗo BADBOX, muguwar manhajar da ke zuwa a cikin irin waɗannan akwatuna tun kafin a sayar, kuma a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan sabon zubinta. Aikinta danna tallace-tallace a ɓoye, da mayar da intanet ɗin gidanka hanyar da baƙi ke bi su yi ta'asa da adireshinka. Mayar da shi saitin masana'anta ba ya cire ta, domin a cikin ainihin manhajar na'urar take. Alamunsa sanannu ne: babu shaidar Play Protect, wato tantancewar tsaro ta Google, yana da tasa kasuwar manhajoji, ko ya ce ka kashe kariyar Google kafin ya yi aiki. Irin wannan ba a gyara shi, zare shi ake yi. In akwati kake so, Apple TV ya fi sauran ƙarancin talla a shafin farko. Fire TV da Roku na kamfanonin ƙwarai ne, amma su ma da talla suke cin abinci. Tsohuwar kwamfuta da igiyar HDMI ma ta isa.

Sai masu Pi-hole ko AdGuard Home, manhajojin tace talla daga intanet ɗin gida gaba ɗaya, da ke ɗaukar su maganin kowace cuta. Suna toshe sunayen sabar talla a matakin DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, kuma suna rage banar shafin farko sosai. Amma tallan YouTube daga adireshi ɗaya yake fitowa da bidiyon, ba yadda za a raba su ta wannan hanya. Wasu na'urori kuma sukan yi biris da saitinka su tambayi sabar DNS ta Google, 8.8.8.8, kai tsaye, sai ka sa rauta ta karkata duk abin da ya bi tashar 53, wadda tambayoyin DNS ke bi, zuwa Pi-hole. Kada kuma ka loda jerin toshewa goma lokaci guda. Gobe manhajar kallo ta ƙi buɗewa, ka rasa wanne ne ya jawo. Jeri ɗaya, ka gwada kwana biyu, ka duba rajistar tambayoyi, sannan ka ƙara.

Masu share manhajoji da ADB, hanyar ba na'urar Android umarni daga kwamfuta, kada ku taɓa manhajar shafin farko kafin ku girka madadinta kamar Projectivy ko FLauncher, in ba haka ba baƙin allo zai tarbe ku. Ku dakatar da manhaja maimakon gogewa, ɗaya bayan ɗaya, kuna rubuta sunan kowace.

Sauran ƙanana ne. Fayil ɗin girka manhaja (APK) na YouTube "mara talla" daga shafin da ba ka sani ba, bar shi. Makirfon da ke jikin wasu talabijin yana da ɗan makunni a ƙasan firam, tura shi. In talabijin zai zauna a intanet, sa shi a layin baƙi na rauta, kada ya riƙa ganin wayoyi da kwamfutocin gida. Ranar da za ka sayar ko ka bayar da shi, fita daga asusunka na Google da Netflix tukuna, sannan ka mayar da shi saitin masana'anta.