Sabon Zuwa Jamus: Wane Littafi Za Ka Ɗauka Don Koyon Linux?

Ɗan'uwa da ya sauka Jamus don karatun injiniya, kimiyya ko aikin kwamfuta, ba ya daɗewa kafin ya yi karo da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. A ɗakin gwaje-gwajen jami'a za a ba ka sunan shiga da kalmar sirri, a nuna maka baƙar taga mai ƙyafta ɗan layi inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, kowa ya ci gaba da harkarsa kamar an haife shi da ita. Mu kuwa yawancinmu Windows muka taso da shi, tun daga shagon buga takardu har kafe. To, kada gabanka ya faɗi. Abin koyo ne, kuma a nan ƙasar yana da kasuwa. Tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki, kuma a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan manhajojin da ba su da kulle, wato waɗanda kowa ke da damar dubawa da gyarawa, irin su Linux.

Akwai kuma dalilin aljihu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10, kuma tsofaffin laftof da dama ba sa ɗaukar Windows 11. Irinsu ne ake samu na hannu da araha, kuma Linux na tafiya a kansu lafiya lau, ba tare da ka biya ko sisi ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne littafi. Ka shiga kantin littattafai za ka ga wani ƙato na Michael Kofler da Jamusanci, ya haura shafi dubu. Littafi ne mai kyau, amma na dubawa ne idan buƙata ta taso. Wanda ya fara da shi, galibi kafin ya kai babi na uku ya ajiye. Ni a ganina littafin farko ya zama wanda za ka iya gamawa a hutun zango ɗaya, kuma wanda kowane shafi yake tilasta maka sa hannu a kan madannai. Buɗe tsakiyarsa tun kana tsaye a kantin. Idan ka ga umarni, a ƙasansa kuma an nuna abin da kwamfuta za ta mayar maka, sannan an ce gwada kaza ka gani, wannan malami ne. Idan kuwa shafi goma sun wuce ana ba ka tarihi da hotunan allo, mayar da shi inda ka ɗauko.

Sai ka duba shekarar bugu, wannan kada ka yi wasa da shi. Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 bai tsaya wuri ɗaya ba. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ya sauya tsarin tayar da ayyukansa zuwa systemd a 2015, ya kuma sauya fuskar allonsa zuwa GNOME a 2017. Tsohon littafi zai ce ka rubuta ifconfig ka ga adireshin kwamfutarka, ka rubuta ta ce ba ta san shi ba, domin yanzu ip ake amfani da shi. Sabon shiga ba zai gane laifin littafin ne ba, kansa zai zarga, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Na ga masu hazaƙa sun haƙura saboda wannan kaɗai, abin na damuna. Lambar Ubuntu ita ce ke faɗa maka shekarunsa: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Masu alamar LTS duk shekara biyu suke fitowa, ana kula da su shekara biyar. Nemi littafin da ya yi kusa da lambar da ke kan kwamfutarka.

Haka nan Linux gida-gida ne. Debian, Ubuntu da Linux Mint dangi ɗaya ne, da apt suke saka manhaja. Fedora da Red Hat da dnf suke yi. Tambayi sashenku wanne suke amfani da shi kafin ka zaɓa. In babu wanda ya ɗaure ka, kama Ubuntu ko Mint.

Ga wanda Turancinsa ya zauna, The Linux Command Line na William Shotts shi nake fara ambata. Marubucin ya sake shi kyauta, ana sauke shi bisa halal, kuma aikin baƙar tagar nan yake koyarwa daki-daki, wanda shi ne ɓangaren da ba ya saurin tsufa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Faransanci ya fi musu sauƙi, akwai littafin Debian na Raphaël Hertzog da Roland Mas, wanda asalinsa da Faransanci aka rubuta shi, shi ma kyauta. Sai dai ya fi dacewa ya zama na biyu, bayan hannu ya faɗa. Kafin ka kashe kuɗi kuma, leƙa laburaren jami'a ko na gari, ka ara ka gwada mako biyu.

Wani abu da littattafan ba sa faɗa wa baƙo: harshen kwamfutarka ya zama ɗaya da na littafinka. Idan littafin na Turanci ne amma ka saita na'urar da Jamusanci don ka ƙara koyon yaren, saƙon kuskure zai fito da Jamusanci, ka rasa inda za ka haɗa shi da abin da ke shafi. Bari Jamusancin sai ka ƙware. Madannan ma daban ne. Laftof ɗin da ka saya a nan, Z da Y sun yi musayar wuri, kuma tsayayyen layin nan | da za ka riƙa buƙata kullum yana ɓoye: danne AltGr, ka taɓa maɓallin < da ke kusa da Shift na hagu. Mutum kan ɓata dare guda yana nemansa.

Kada ka goge Windows ranar farko. Saka Linux a filash, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka ga ko wayfai da sauti suna aiki. Kwafe fasfo, takardar izinin zama, kwantiragin haya da takardun inshora zuwa wani wuri daban kafin ka taɓa komai. Wasu kwasa-kwasan ma suna da manhajar da sai a Windows take tashi, don haka tambaya tukuna. Duk umarnin da ya fara da sudo, mai ba da cikakken iko a kan kwamfuta, ka san me zai yi kafin ka danna, musamman idan akwai rm, umarnin share fayil, a ciki, don abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara.

In ka maƙale, yawancin manyan garuruwa suna da ƙungiyar masu amfani da Linux da ke haɗuwa da yamma, kuma suna murna da baƙo. Tafi da laftof ɗinka da littafin, ka nuna musu shafin da ka tsaya. Ranar da ka gama saitawa kuma, shiga wurin zaɓen madannai ka ƙara Hausa. Akwai tsarin Najeriya, akwai na Gana, ka riƙa rubuta wa gida da ɓ, ɗ da ƙ yadda ya kamata.