Sayen keken daji na farko a Kaduna

Idan burinka ka fita da sassafe ranar Asabar, ka tsallaka kogi ta wajen Millennium City ka bi hanyoyin gona, ko ka bi burtalin shanu a bayan Rigachikun, to keken da ya dace da kai shi ne wanda mai gyaran unguwarku zai iya kwancewa ya mayar, kuma ake samun kayansa a kasuwa. Da wannan nake fara ba duk wanda ya tambaye ni wane keken daji zai saya amsa.

Abin da ya fi rudar sabon shiga shi ne keken nan mai ƙaton sifirin a tsakiya, ga fenti yana walƙiya, ga kuɗi kaɗan. Ka wuce shi. Araha ba ta ado. Na arha irin wannan yakan kai kilo 18 ko fiye, sifirin ɗin kuma yana shanye ƙarfinka duk takawa ɗaya, ka riƙa lilo a kan sirdi kana haki a ɗan tudun da bai kai ya kawo ba. Mai shokaziba gaba da baya na gaske akwai shi, amma kuɗinsa ya yi nisa, kuma an yi shi ne don masu gangaro duwatsu. Namu jar ƙasa ce da tsakuwa da zaizayar damina. Nemi mai shokaziba a gaba kawai, wanda ke nutsewa kamar milimita 100. Mai kyau na alminiyam yakan tsaya tsakanin kilo 13 zuwa 15.

Ni ɗan gwanjo mai asali na fi so, irin su Giant ko Trek ko Merida, a kan sabo dal wanda ba a san kamfaninsa ba. Sai dai suna a jikin firam sitika ce, kowa na iya mannawa. Duƙa ka dubi giyar baya. In ka ga Shimano Altus, Acera ko Alivio, lafiya lau. Deore kuwa ka yi dace. Tourney shi ne na ƙasa, yana aiki, amma yana yawan son saiti.

Kada ka sassauta a kan girma. Ka hau tsakiyar keken ka tsaya, ƙafafu biyu a ƙasa: a samu tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da ƙarfen sama. Mai tsawon santimita 170 zuwa 178 yawanci matsakaici (M) ne nasa, wato firam mai inci 17 ko 18. Mai sayarwa zai ce maka, “Alhaji, ai sai a sauke sirdi.” Sauke sirdi ba ya rage nisan hannu, kuma bayanka ne zai gaya maka bayan awa ɗaya.

Taya kuwa iri uku ce: mai inci 26, 27.5 da 29. Mai 29 ta fi haye rami da tsakuwa cikin sauƙi, dogon mutum zai ji daɗinta. Amma taya da tiyub na 26 ne za ka fi samu a shagon gefen titi, don haka kafin ka ɗauki babba ka tambaya wa ke sayar da tayarta. Sannan ka dubi bawul. Akwai mai kauri irin na mota da babur, akwai siriri mai ɗan noti a kai. Injin mai faci da mai kauri yake aiki. In naka siriri ne, sai da ɗan ƙarfen haɗi ko famfonka. Ka kuma tsaya a kan mai facin lokacin da yake ba da iska, don sun saba cika taya ta yi tauri. A hanyar ƙasa kusan PSI 30 a ma'aunin iska ya isa, in ya wuce haka sosai keken tsalle zai riƙa yi, tayar ba ta kama ƙasa.

Birkin faifai ya fi na roba a cikin laka, daga Yuni zuwa Satumba za ka ga bambancin. Birkin faifai mai waya ya isa na farko, kowane mai gyara ya san waya. Mai amfani da mai ya fi kamu, amma na Shimano mansa daban ne, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki lalacewa za su yi.

Kafin ka miƙa kuɗi, goge ƙurar da ke wuraren walda, musamman wuyan keke da gindin feda, ka nemi tsaga. In ka gani, ka haƙura, ko nawa aka rage maka. Ƙarfe ana iya ɗinke shi a Panteka, amma alminiyam da aka sake wa walda ba ya komawa ƙarfinsa na da. Damƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Ƙwas-ƙwas na nufin boris ɗin wuya ya saki. Juya wili ka ga ko yana rawa. Ja sarƙa daga jikin faifan gaba mai haƙora, na wajen feda: in ta ɗago har ka hango haƙori, ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya, sai ka cire kuɗinsu daga ciniki. Daga nan ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ka rage wani abu a aljihu don hular kwano, ƙaramin famfo, kayan faci da tiyub na ajiya, domin tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa raga wa sabuwar taya. Da hunturu ka riƙa goge sarƙa kafin ka ɗiga mata mai kaɗan. Baƙin man inji ƙura yake tarawa. Batun nisa kuma, da yadda tsaro yake, ku fita ku biyu ko uku, ku tsaya inda ake ganin gonaki da mutane, a kuma san a gida ta ina kuka bi.