Darasi na 7: Zaɓen Mai Sayar da Ƙarfen Ƙera Wuƙa

Maƙeri yana iya zama gwani da masaba, ga gawayin ƙirya mai kyau, ga zugazugi lafiyayye, amma idan ƙarfen da ya ɗora a kan uwar maƙera ba mai shan ruwa ba ne, wato wanda ke yin tauri idan an gasa shi an tsoma a mai ko a ruwa, wuƙar kyan gani kawai za ta yi. Mahauci zai yi fawa da ita yini ɗaya ta dakushe, washegari ya dawo maka da ita, ya kuma gaya wa abokan sana'arsa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane ƙarfen wuƙa, da yadda ake gane mutumin da ya cancanci ka riƙa saye a hannunsa.

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi

A cikin baƙin ƙarfe akwai wani sinadari mai suna kabon, irin wanda ke cikin gawayi. Shi ne ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an gasa shi ya yi ja aka tsoma shi a mai ko a ruwa. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, ko sau goma ka ba shi ruwa ba zai yi tauri ba. Irinsa ne yawancin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi. Ƙarfen wuƙa yana son kabon daga kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin 100.

Sabon ƙarfe na kamfani yana da lamba. Lambobi biyu na ƙarshe su ne ke nuna yawan kabon. Idan ka ga 1084, kabon ɗinsa kashi 0.84 ne. Idan 1095 ne, kashi 0.95. Shi kuwa 5160 yana da kashi 0.6 da ɗan kuromiyam a ciki, kuma da shi ake yin sifirin motoci da yawa, wato ganyayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota ta ƙasa. Ka koyi karanta waɗannan lambobi da rubuta su, domin ranar da ka je kanti, lamba za ka faɗa.

Inda ake samu a Jos

Masana'antar mulmula ƙarfe ta Jos, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1980 tare da ta Katsina da ta Oshogbo, rodin gini da waya aka kafa ta ta yi. Saboda haka ƙarfen wuƙa a garin nan hanya biyu yake fitowa: ko tsohon ƙarfen mota da na inji, ko sabo da aka shigo da shi daga waje.

Tsohon ƙarfe ana samunsa a Dilimi wurin masu kayan mota, da garejojin kanikawa irin na Farin Gada, da wurin 'yan gwangwan masu saye da sayarwa a kan sikeli. Abin da maƙera suka fi nema shi ne sifirin mota, sai tsohon magagari, sai zoben boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa), sai tsohon zarton injin katako. Sifirin ya fi sauƙin aiki ga mai koyo, ga shi ba ya saurin karyewa, shi ya sa ya dace da adda da babbar wuƙar fawa. Magagari yana ba da kaifi sosai amma yana da gautsi, ya fi dacewa da ƙaramar wuƙar fiɗa. Akwai kuma magagari mai arha wanda bayansa ne kawai ke da tauri, cikinsa lallausan ƙarfe ne, da ka wasa bayan shi ke nan.

Sabon ƙarfe kuwa, shagunan kasuwar kayan gini da ke kan hanyar Bukuru cike suke da shi, sai dai mafi yawansa na gini ne da na walda. Kada sheƙinsa ya ruɗe ka. Rodi ba abin dogara ba ne, domin sau da yawa daga narkakken gwangwan ake yinsa, wannan sanda ta sha ruwa, ta kusa da ita ta ƙi.

A bakin shago

Ka karanta wannan hira da ƙarfi, kai da wanda ke kusa da kai a aji.

"Salamu alaikum. Alhaji, barka da kasuwa."

"Amin wa alaikumus salam. Malam maƙeri, sannu da zuwa. Me za a ba ka?"

"Sifirin nake nema na wuƙa. Wannan daga wace mota aka cire shi?"

"Na tsohuwar a-kori-kura ne. Jiya yaran suka kawo daga gareji."

"Karyewa ya yi aka cire, ko motar ce ta mutu?"

"Ganye ɗaya ya karye, sauran lafiya lau."

"To Alhaji, a yanko mini ɗan guntu in je in gwada. Idan ya sha ruwa, jibi zan dawo in ɗauki kilo 10. Idan kuma na tarar da tsaga a ciki, za a canza mini?"

"Za a canza, in dai ba ka sa shi a wuta ba."

Ka lura da abin da maƙerin ya yi. Bai fara da tambayar kuɗi ba. Ya tambayi asalin ƙarfen, ya nemi guntun gwaji, ya kuma daidaita maganar canji tun kafin kuɗi ya fita daga aljihunsa. Amsoshin Alhaji ma sun nuna halinsa: ya san inda kayansa suka fito, bai ɓoye cewa ganye ɗaya ya karye ba. Wanda duk tambayar da ka yi masa sai ya ce "ai ƙarfe ƙarfe ne", ko ya ɓata rai don ka nemi gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Gwaji da hannunka

Na farko shi ne tartsatsi. Ka ɗora bakin ƙarfen a kan injin wasa, a inuwa, inda za ka ga wutar sosai. Ƙarfe marar kabon yana fitar da dogayen layuka masu launin lemo, suna tafiya miƙe, ba sa fashewa sai kaɗan. Mai kabon da yawa kuwa, tartsatsinsa yana fashewa a ƙarshe ya yi rassa birjik kamar kan dawa. Dabara mai kyau ita ce ka riƙa yawo da guntun ƙarfen da ka riga ka yarda da shi, ka wasa shi, ka wasa sabon, ka kwatanta da idonka.

Na biyu shi ne ba da ruwa, kuma shi ne gwajin da ba ya ƙarya. Ka buga guntun ya yi fele-fele, kaurinsa kamar na wuƙar da za ka ƙera. Ka gasa shi har ya yi ja, kana taɓa shi da maganaɗisu. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 770, maganaɗisu zai daina kama shi. Ka ƙara masa wuta kaɗan, sannan ka tsoma shi a mai, kana motsa shi sama da ƙasa. Idan ya huce, ka goga masa magagari. In magagarin ya zame yana ƙara bai ci ba, ƙarfen ya yi tauri. In ya ci ya fitar da gari, ba na wuƙa ba ne. Bayan haka ka naɗe guntun a tsumma, ka sa tabarau, ka ɗora shi a gefen uwar maƙera ka buga. Mai kyau zai karye ƙaras, kuma wurin karayar zai zama toka-toka mai laushi. Idan ka ga tsakuwa-tsakuwa masu ƙyalli, wuta ce ta yi yawa, laifin naka ne ba na mai kaya ba. Idan lanƙwasa ya yi bai karye ba, kada ka sayi ƙarfen.

A nan Jos akwai abin lura. A watannin Disamba da Janairu, mai yana yin kauri da safe saboda sanyi, kuma mai kauri ba ya sanyaya ƙarfe da sauri yadda ake so. Kafin ka yi gwaji ka gasa wani guntun ƙarfe ka jefa a cikin man ya yi ɗumi. Kada kuma ka tsoma sifirin a ruwan randa mai sanyi, tsagewa zai yi, ka zo kana zagin Alhaji a banza.

Na uku na tsohon sifirin ne kaɗai. Ƙarfen da ya shekara yana ɗaukar lodi a hanyoyinmu yana iya samun tsaga siririya wadda ido ba ya gani, musamman kusa da ramin tsakiya da kusa da inda ya taɓa karyewa. Ka kankare tsatsar, ka shafa kananzir, ka bar shi ɗan lokaci, ka goge tas, sannan ka shafa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai fito ya ja layi a jikin allin.

Abin da ba a saya

Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin na bututun ruwa da na rufin kwano, kada ya shiga wutarka. Hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Farin ƙarfe marar tsatsa, irin na tukunya da cokali, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, ba ya shan ruwa sam. Akwai irinsa na wuƙa, amma yana son zafin da ya haura digiri 1,000 a tanda mai awo, ba aikin zugazugi ba ne.

Sai kayan sata. Guntun layin dogo, ƙarfen turakun lantarki, murfin kwalbati: duk arharsu ka bar su. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun rufe kasuwannin panteka, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa, na mako biyu saboda satar murafun kwalbati. Idan aka kama irin wannan kaya a maƙerarka, ba wanda zai saurari cewa saya ka yi. Saboda haka mai shago tsayayye, wanda 'yan kasuwa suka sani kuma yake ba da rasit, ya fi yaron da zai tare ka da buhu a bakin hanya da magariba.

Lissafi

Wuƙa mai tsawon santimita 30, faɗin santimita 4, kaurin milimita 3, tana cin ƙarfe kimanin giram 280. Ke nan kilo ɗaya zai ba ka wuƙa 3 da ɗan saura, kilo 10 kuma aƙalla wuƙa 30.

Ga misali, kuɗin na koyo ne kawai, farashin yau sai ka tambaya a kasuwa. A ce mai kaya na farko yana sayar da kilo a naira 1,200. Kilo 10 ya kama naira 12,000. Ka ƙera wuƙa 30, amma 10 suka tsage wajen ba da ruwa, saura 20. Raba 12,000 gida 20: kowace wuƙa ta ci ƙarfen naira 600. Mai kaya na biyu yana sayar da kilo a naira 1,500, kilo 10 naira 15,000, kuma duka 30 suka fita lafiya. Raba 15,000 gida 30: naira 500. Ga shi ba mu ma sa kuɗin gawayin da ya ƙone a kan goman da suka lalace ba, balle wunin da aka yi ana bugu. Araha ba ta ado.

Wani abu da lissafi ba ya nunawa shi ne samun iri ɗaya kullum. Kowane ƙarfe da irin wutar da yake so. Idan yau sifirin ne, gobe boris, jibi wani abin da ba a san asalinsa ba, hannunka ba zai taɓa sabawa ba. Mai kayan da zai iya ajiye maka iri guda duk wata, ko da ya ɗara sauran tsada kaɗan, ka riƙe shi. Ka riƙa biyansa a kan lokaci, shi ma zai riƙa ware maka mai kyau. Amma ka san wani na biyu, saboda ranar da na farkon ba shi da kaya. Idan babbar Salla ta matso, kowa yana neman wuƙar layya, ƙarfe mai kyau yana wuyar samu, don haka ka sayi naka tun wata biyu kafin lokacin. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a takarda: kwanan wata, kilo nawa, nawa ka biya, nawa ya saura. Ka tsaya a gaban sikeli ka ga allura tana kan sifiri kafin a ɗora kaya.

Aikin gida

Ka sami ƙaramin littafi. A shafin farko ka ja layi huɗu, ka rubuta a samansu: rana, wurin saye, irin ƙarfe, sakamakon gwaji. Kafin darasi na gaba ka samo guntun ƙarfe daga wuri biyu daban, ka yi musu gwajin tartsatsi da na ba da ruwa, ka cike layukan da hannunka. Ka zo aji da littafin da guntayen da ka karya, za mu jera su a kan tebur kowa ya duba wurin karayar.